Homowo: Bikin yi wa yunwa ature a Accra, da tambayar da yake kawowa gidajen zango

Duk shekara idan watan Agusta ya kama, tsofaffin unguwannin birnin Accra da ke bakin teku kan cika da kiɗa da jama'a. Sarakunan ƙabilar Ga da shugabannin gidaje kan fito, da yawansu cikin jajayen kaya, ana biye da su da manyan kwanuka, suna ɗibar wani abinci mai launin manja suna watsawa a ƙofar gidaje da kan tituna da wuraren bautar gargajiya. Sunan abincin kpokpoi, wasu kuma su ce kpekple. Bikin kuwa shi ne Homowo.

Kilomita kaɗan daga nan ta arewa akwai Nima da Maamobi, manyan unguwannin zango inda Hausa ce harshen kasuwa da na wa'azi, kuma mafi yawan mazaunansu Musulmi ne. Ba su ne masu bikin ba, amma bikin kan iske su har gida. Yakan zo musu ta dokar hana kiɗa da hayaniya da ake kafawa kafin lokacinsa, yakan kuma zo musu cikin kwanon da maƙwabciya 'yar Ga za ta aiko da shi. A nan ne tambaya ke tasowa: a karɓa a ci, ko a ba da haƙuri? Amsar da mutane ke bayarwa ta rataya ne a kan abin da ke cikin tukunyar da kuma wanda aka dafa dominsa.

Mene ne Homowo?

A harshen Ga, kalmar Homowo na nufin yi wa yunwa ihu, ko kuma a Hausance yi mata ature. Tarihin baka na Ga ya ce kakanninsu sun sha fama da wata muguwar yunwa sakamakon rashin ruwan sama a zamanin da suke ƙaura zuwa inda suke zaune a yau. Da ruwa ya dawo, suka yi shuka, amfani ya yi kyau, sai suka dafa abinci mai yawa suka ci suka ƙoshi, suka fito suna yi wa yunwar da ta wahalar da su ba'a.

Shirin bikin kan fara ne tun watan Mayu, lokacin da limaman gargajiya da ake kira wulomei ke shuka gero a wasu keɓaɓɓun filaye na wuraren bautarsu. Daga nan ake lissafin kwanaki har zuwa ranar bikin. Garuruwan Ga ba sa yin sa rana ɗaya. Ga Mashie, wato tsohon garin Accra da ya haɗa da James Town da Ussher Town, na yin nasa ranar wata Asabar a watan Agusta, yayin da Osu da La da Teshie ke yin nasu ranar Talata daga baya.

A Ga Mashie, ranar Alhamis ce 'yan gari da ke zaune a ƙauyuka ke dawowa gida ɗauke da masara da kayan miya. Juma'a ranar tagwaye ce, ana yi musu wanka da kwalliya da fararen kaya, a ba su doya da ƙwai. Asabar ake dafa kpokpoi. Washegari kuma ake zagayen gaisuwa da ake kira ngoowala, inda dangi da surukai ke yi wa juna fatan ganin baɗi, a sasanta waɗanda suka yi faɗa a cikin shekara.

Yadda ake dafa kpokpoi

Duk matar da ta iya dambu a Maraɗi ko Katsina, in ta ga ana kpokpoi za ta gane hanyar nan take. Ana jiƙa masara, a tsame ta a kai inji a niƙa, a tankaɗe garin. Sai a ɗora tukunyar ruwa a wuta, a aza wata mai huji-huji a kanta kamar madambaci, a liƙe tsakaninsu don kada tururi ya tsere. Ana zuba garin kaɗan-kaɗan yana turaruwa. Idan ya nuna sai a juye a turmi a ɗan kirɓa, a sake tankaɗewa don ya yi washar-washar, sannan a zuba gishiri da manja a cuɗa har ya yi ja. Wasu gidajen kan haɗa da dafaffiyar kuɓewa don ya yi laushi.

Iyakar kayan haɗin ke nan: masara da manja da gishiri da kuɓewa. Babu nama, babu ƙwai, babu madara, babu yis. Rashin yis ɗin ne ma ya sa wasu 'yan Ga ke kwatanta shi da gurasa marar yis ta Idin Ƙetarewa na Yahudawa. Abin da ake ci da shi miyar kwakwar manja ce, wadda bisa al'ada da kifi ake yin ta, galibi banda, domin Ga masunta ne kuma lokacin bikin na dacewa da lokacin da kifi ke yawa a tekunsu.

Aiki ne na gayya. Matan gida kan tashi tun da asuba, a jera murahu a tsakar gida, domin dole abincin ya ishi duk wanda ya shigo. A ranar ba a hana baƙo ci, kuma a gidajen gargajiya manya da yara kan sa hannu a kwano ɗaya ba tare da la'akari da girma ba.

Kafin kowa ya kai loma baki, shugaban gida zai ɗebi wani kaso ya watsa a ƙofofi da kusurwoyin gida, a wasu wuraren har da kaburburan magabata, a kuma zuba abin sha a ƙasa ana kiran sunayen kakanni. A imanin masu bikin, matattu na dawowa gida a wannan lokaci, don haka su ake fara ciyarwa, a roƙe su lafiya da haihuwa da yalwar kifi da hatsi. Wannan ne ya sa tukunyar kpokpoi ta bambanta da ta kullum: abinci ce, kuma hadaya ce.

Zango a kan ƙasar Ga

Dangantakar Hausawa da Accra, birnin da tsofaffin fatake ke kira Ankara, ta samo asali ne daga cinikin goro da na shanu da kuma aikin soja a ƙarni na 19. A farkon ƙarni na 20 Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a filin da sarakunan Ga suka ba shi. Nima kuwa ta fara ne a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa ya samu wurin zama daga iyalan Odoi Kwao na Osu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu unguwar ta cika da tsofaffin sojoji da 'yan ci-rani daga arewacin Ghana da Nijar da Najeriya da Mali da Burkina Faso da Togo. Akwai Zabarmawa da Fulani da Mosawa da Dagomba da Kotokoli da Wangarawa, Hausa ce ta haɗa su.

Wannan tarihi na da nauyi har gobe. Mutumin da aka haifi kakansa a Nima ɗan Ghana ne cikakke, amma a tsarin gargajiya ƙasar da gidansu ke kai ta Ga ce. Tsofaffin zango ba su manta da 1969 ba, shekarar da gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙi marasa takardu wa'adin barin ƙasar, aka kwashi dubban mutane zuwa Najeriya da Nijar da sauran ƙasashe. Al'ummar da ta ga haka ta san darajar zama lafiya da masu masauki.

Sannan ba a raba jinin ɓangarorin biyu da wuƙa. An yi auratayya mai yawa, kuma akwai Musulmi 'yan asalin Ga, waɗanda su ne ƙashin bayan kafa ƙungiyar Ghana Muslim Mission a 1957. Ga irin waɗannan, Homowo taron dangi ne da kawu da gwaggo ke jiran ganinsu a cikinsa. Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna Kiristoci su ne kashi 71.3 cikin 100 na mutanen Ghana, Musulmi kashi 19.9, masu addinin gargajiya kuma kashi 3.2. Ke nan yawancin masu dafa kpokpoi a yau masu zuwa coci ne ranar Lahadi, kuma su ma suna da tasu muhawarar a kan watsa shi.

Watan shiru

Abu na farko da ke taɓa zango shi ne dokar hana kiɗa da hayaniya, wadda majalisar sarakunan Ga ke sanarwa bayan shukar gero. Takan ɗauki kusan wata guda, daga Mayu zuwa Yuni. Masu gargajiya sun ce lokaci ne da limamansu ke addu'a da kame kai, kuma abin da aka shuka na buƙatar natsuwa. Ana ɗage dokar ne da bikin Odadao, inda sarkin Gbese ke buga tambura.

Hukumar birnin Accra kan fitar da ƙa'idoji a wannan lokaci, ciki har da cewa coci-coci da masallatai da mashaya kada su kafa lasifika a waje, su tsare sautinsu a cikin harabarsu. Dokar ta sha jawo rikici, mafi yawa tsakanin matasan Ga da coci-cocin zamani masu kiɗa. Wanda aka fi tunawa shi ne na 1998, lokacin da aka far wa cocin Lighthouse Chapel da ke Korle Gonno, mutane suka jikkata.

Da yake sallar Musulmi ba ta da ganga, ɓangaren ibada bai cika zama matsala ba. Inda abin ke matsa wa mutanen zango shi ne shagalin aure da suna, da wa'azin dare a fili, da kuma shekarun da Sallah ta faɗo cikin watan. Batun lasifika kuwa mai zafi ne: a 2018, da ministan muhalli na lokacin, Kwabena Frimpong-Boateng, ya ba da shawarar a riƙa kiran sallah ta saƙon waya ko WhatsApp don rage ƙara, Musulmi da dama sun yi tir da maganar. Abin da ke kwantar da irin wannan ƙura a Ghana shi ne tattaunawa tsakanin shugabanni, kuma babban limamin ƙasar, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka haifa a Accra a 1919, ya yi suna a wannan fanni. A 2019, yana cika shekara 100, ya kai ziyara cocin Katolika na Christ the King.

A ci ko kada a ci?

A gidajen haya na Accra, inda iyalai da dama ke tarayya a tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya, kwanon abinci na tsallaka addini kullum. Ranar Homowo ce kaɗai yake zuwa da tambaya.

Alƙur'ani, a surorin Baƙara da Ma'ida, ya haramta cin abin da aka yanka da sunan wanin Allah da abin da aka yanka a wurin gumaka. A kan wannan babu saɓani. Haka kuma babu mai cewa Musulmi ya watsa abinci ga kakanni ko ya zuba musu giya. Saɓanin yana kan abin da ya rage a tukunya, wanda ba a watsa ba, aka zubo wa maƙwabci.

Masu sassauci na kafa hujja da ruwayoyin magabata. An ruwaito cewa wata mata ta tambayi Nana A'isha game da kyautar da Majusawa ke kawo musu ranar idinsu, sai ta hana su cin abin da aka yanka domin ranar, ta ba su damar cin 'ya'yan itatuwa. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Ali ya karɓi kyautar bikin Nairuz na Farisawa. Ibn Taimiyya, wanda ya tsananta ƙwarai a kan shiga bukukuwan waɗanda ba Musulmi ba, ya kawo waɗannan ruwayoyi a littafinsa Iƙtida'us Siraɗil Mustaƙim, ya bambanta halartar biki da karɓar kyautar da babu yanka a cikinta. Bisa wannan fahimta, masara da manja halal ne, kifi kuma ba ya buƙatar yanka. Abin dubawa kawai shi ne ko an sa nama a miyar.

Masu tsaurarawa kuma na cewa kpokpoi ya wuce 'ya'yan itace da aka tsinko. Domin wannan rana aka ɗora tukunyar, da niyyar ciyar da kakanni, kuma kason farko nasu ne, don haka barinsa ya fi aminci. Ko a cikin masu wannan ra'ayi, da yawa sun fi son a karɓi kwanon da fara'a a yi godiya a kan a mayar da shi a kunyata maƙwabci, domin haƙƙin maƙwabtaka ma addini ne.

Abin lura shi ne duk muhawarar ta samu wurin zama ne saboda babu jini a cikin abincin. Da rago aka yanka a wurin bauta, da magana ta ƙare tun a ƙofa.

Girkin zango da babu nama

Ta ɗaya ɓangaren ma haka zancen yake. Abincin zango da ya fi shiga gidajen Ga da na sauran ƙabilun Ghana shi ne na hatsi da wake. Waakye, wanda sunansa daga kalmar wake ya fito, shinkafa da wake ne da ake dafawa da karan dafi don launi da 'yar kanwa don waken ya yi saurin nuna. Kokon gero mai citta da kanumfari da barkono, 'yan Ghana da kansu Hausa koko suke ce masa, kuma shi da ƙosai ne karin kumallon ma'aikata a duk faɗin Accra. Ga masa da finkaso da tubani da ƙuli-ƙuli da dakuwa.

Akwai ilimi a cikin wannan girki. Ƙosai na tashi ba tare da ƙwai ba saboda bugun da ake yi wa ƙullun wake, wanda ke cusa masa iska, sinadarin gina jiki da ke cikin waken kuma ya riƙe ta har a soya. Masa na kumbura ne da tsamin kwana. Haɗa hatsi da wake a kwano ɗaya na cike giɓin da kowannensu ke da shi wajen gina jiki, abin da ya sa talaka ke iya yini a kan waakye ko da bai sayi nama ba.

A Turai da Amurka an mayar da irin wannan ci aƙida mai suna. A 1944 Donald Watson da abokansa suka kafa ƙungiyar masu ƙaurace wa duk abin da ya fito daga dabba a Ingila, suka ƙirƙiro kalmar vegan. Mai wannan aƙida zai iya cin kpokpoi da koko da ƙosai, amma ba zai sha miyar kifi ba, kuma zai guji shito, yajin Ghana da ake soyawa da busasshen kifi da jatan lande. Bambancin shi ne matan Nima ba don aƙida suke girkinsu ba. Sana'a ce da suka gada, kuma wake ya fi nama araha.

Ba Ga kaɗai ba

Ware kason farko na amfanin gona tsohuwar ɗabi'a ce ta manoma a ko'ina. A Ingila akwai Lammas, ranar 1 ga Agusta, da ake toya burodi da sabuwar alkama a kai coci. Masu farfaɗo da addinan gargajiya na Turai a wannan zamani, irin su mabiya Wicca, sun ɗauki ranar cikin bukukuwansu takwas na shekara. Sukan toya burodi su ware wani yanki su ajiye wa ƙasa ko abin bautarsu, wasunsu kuma sun yi imani cewa niyyar da aka ƙulla lokacin kwaɓa gari da irin ganyen da aka sa na jawo alheri cikin gida. Waɗanda ba sa cin kayan dabba a cikinsu kan maye gurbin ƙwai da ruwan dafaffen wake, man shanu kuma da man gyaɗa ko na zaitun.

A ƙasar Hausa ma Maguzawa da 'yan bori na da bikin shan kabewa da kaka, ga kalankuwa da matasan ƙauye ke yi bayan an kai amfani gida. A Masalata kusa da Birnin Ƙonni, Azna na taruwa duk shekara don duban yadda damina mai zuwa za ta kasance. Da Musulunci ya kafu, kason farko bai ɓace ba, an dai sauya masa alƙibla. Manomin da amfaninsa ya kai nisabi zai fitar da kashi ɗaya cikin goma idan noman damina ne, ko ɗaya cikin ashirin idan da wahalar ban-ruwa ya noma, a ba mabuƙata. Haka masa da ƙosai da gumba da ake rabawa sadaka don neman rahama ga mamaci: cikin yara da almajirai suke shiga, ladan ake fata ya isa ga wanda ya rasu. Bahaushen zango da ya ga ana watsa kpokpoi bai yarda da hanyar ba, amma ya san abin da ake nema.

Yunwar da ake yi wa ature

Yunwa a Accra ba tatsuniyar kakanni kaɗai ba ce. A 1983 fari da gobarar daji suka cinye gonakin Ghana, a daidai lokacin da Najeriya ta koro 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya. Mutane suka rame har ƙasusuwan wuya suka fito, aka riƙa kiran su sarƙar Rawlings, da sunan shugaban ƙasar na lokacin. Layin neman abinci bai tambayi kowa ƙabila ko addini ba.

A watan Disamban 2022 hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54.1 cikin 100. A watan Agustan 2024 kuma, ana tsakiyar lokacin Homowo, gwamnati ta hana fitar da masara da shinkafa da waken soya zuwa ƙetare saboda ɗaukewar ruwa a arewacin ƙasar. Masarar da ake kpokpoi da geron da ake koko duk daga gonakin cikin ƙasa da na arewa suke zuwa, kuma kasuwar Nima na cikin wuraren da ake sauke hatsi da wake a birnin. Idan damina ta gaza a Tamale ko Techiman, tukunyar James Town da ta Maamobi tare suke jin jiki.

Shi ya sa kwanon da ke tsallaka tsakar gida a watan Agusta ke da muhimmanci, ko an ci abin da ke ciki ko ba a ci ba. A al'adar Hausa kwano ba ya komawa wayam. Wanda ya zo da kpokpoi yakan koma da masa ko ƙosai, idan Babbar Sallah ta zo kuma ya tafi da naman layya.